Muciyar Inna a Kan Malamin Wasa

Jiya zoɓo ya zube mini a riga, sai na tuna tsohon da ya koya mana wasan kwaikwayo a unguwar Hindawiyya, zamanin muna dako a tashar jiragen ruwan Jidda. A jirgin 'yan Holan ya koyo abin. Da zoɓo yake haɗa jinin wasa, kullum cikin tsawa: "Ƙarya ce, amma ku yi ta da gaske!"

Ranar Sallah, a tsakar gidanmu, ya fito a mugun kafili, wato ubangidan aiki, ni lebura. Ya shaƙe ni, ya zabga mini bulala, zoɓo ya wanke mini baya. Inna ba ta taɓa ganin wasa ba. Ta yaye labulen mata, ta rotsa masa kai da muciya.

"Ɗan nawa za ka kashe, la'ananne?"

Jinin gaske ya rufe masa ido. Na yunƙura zan tashi, ya take ni da ƙafa.

"Kwanta, ba ka gama mutuwa ba! Hajiya, yalla, maza ƙara mini ɗaya!"

Ta kuwa ƙara masa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa muciyar nan ce iyakar azabarsa.