Gurnani da Injin Ruwan Gwaggo

Har yau idan aka ambaci Gurnani a layin nan, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da aka farke injin jan ruwan gidan Gwaggonsa, injin da ko ciwon kai ba ya yi.

Da hantsi ne. Mutanen gidan, bene guda cike da 'yan haya, suka ji wani irin ruri yana tasowa daga ƙarƙashin matakala, inda injin yake. Ruri ne mai nauyi, wanda ba a kunne ake jinsa ba, a haƙora ake ji. Kofuna suka kama rawa a kan kanta. Tela, mai ɗakin da ke hawa na ɗaya, ya sauko da almakashi a hannu yana rantsuwa yanzun nan tanki zai rufto wa jama'a. Kowa ya ɗauka Gurnani yana shago, don haka Gwaggo ta aika aka kira mai gyaran famfo. Mutumin ya zo, ya kasa kunne, ya girgiza kai irin na masana, ya kwance injin kaf, ya baje kayan cikinsa a kan buhu. Yana tsugune gaban tarin kusoshi, injin ko wuta babu a jikinsa, amma rurin bai fasa ba.

Can sai ƙat, ya ɗauke. Ƙofar ɗan ɗakin da ke jikin matakalar ta buɗe, Gurnani ya leƙo yana mutsuka ido.

"Lafiya kuka taru? Kaset zan juya. Ɗaya gefen ma ya fi wannan."

Sababbin lasifiku ya saya, yake gwadawa.

Gurnani ɗan ƙanin Gwaggo ne, mai gyaran fanka, dogo, mai sanyin magana, furfura ta fara leƙo masa a gemu. A fannin gyara babu mai kushe shi. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya taɓa fanka sai ya ɗauki muryarta. Ka kawo masa taka tana ƙugi, maimakon ya ɗauko sifana sai ya jona ta a wuta, ya kafa mata makirfo, ya ɗora yatsa a leɓe ya ce ka yi shiru. Kai ga zufa tana karyo maka, shi kuwa ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Idan kukan ya yi masa daɗi, ka shiga uku, don sai ka yi ta zarya ana ce maka ba a samu kayan gyara ba tukuna.

Waɗannan koke-koken yake kwasowa zuwa ɗakinsa, wanda ya manna wa tsofaffin katifu a bango. A nan yake rage musu gudu har kukan fanka ya koma kamar numfashin wata dabba a cikin rijiya, ya ɗora ƙugin firiji a kai, ya ƙara da ƙarar ƙofar ƙarfe da ake ja a hankali. Babu ganga, babu waƙa, babu inda za ka kaɗa ƙafa. Ashe kuma ba shi kaɗai ne mai wannan larura a duniya ba. Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa da yake buga irin waɗannan kaset a kicin ɗin gidansa, kowanne da baƙin bango, ko hoton mai kiɗan babu. Duk abin da zai buga ba ya cika kwali ɗaya, amma ƙarewa yake yi. Masu saye su rubuto cewa sun saurara a ɗaki mai duhu, tsigar jikinsu ta tashi, sun gode.

A gida kuwa babu mai godiya. Tela cewa yake yi, "Mu da muke sha kyauta, Allah ya isa muke rubutowa." Yara suna toshe kunne idan sun hango shi. Gwaggo takan ce duk danginsu babu mahaukaci, ita dai ba ta san ta inda wannan ya shigo ba.

To, da mai gyaran famfo ya mayar da injin nan a fusace, bai mayar da shi daidai ba. Washegari da aka kunna, sai injin ya fara kuka na gaske. Yakan soma da shessheƙa, ya gangara ƙasa-ƙasa har bango ya ɗauki rawa, sannan ya ja wani dogon nishi kamar tsoho zai miƙe daga tabarma. Gurnani yana wanke fuska ya ji shi. Ruwan ya zube daga hannunsa. Duk shekarun da ya yi yana haɗa fanka da firiji, wannan muryar yake nema, ga ta kuma ta tare a bakin ƙofarsa.

Kowa a gidan ya san aikin ba zai ci masa rabin yini ba. Gwaggo ta ce ya gyara. Ya ce to, Gwaggo. Sati ya zagayo, ya ce sai an samo boris, ƙarfen nan mai ƙwallaye da injin yake juyawa a kai. Boris ɗin kuwa yana aljihunsa, sabo dal a cikin leda. Kullum aka kunna injin, sai a ga waya ta sulalo ta ƙarƙashin ƙofarsa. Ya aika wa mai buga kaset ɗanɗano, mutumin ya amso cewa bai taɓa jin abu mai ban tsoro da kyau haka ba, a cika masa gefe biyu.

Wadda ta fi shan wuya ita ce Nas, wadda ke kwana wurin aiki ta dawo ta yi barci da rana, gadonta kuma daidai saman injin. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta sauko da jajayen idanu ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ni marasa lafiya nake dubawa. Jiya saura kaɗan in yi wa mai rakiya allura in bar majinyacin. Idan ka ƙara ce mini boris, wallahi sai na haɗiyar da kai shi."

Tela ya leƙo daga sama. "Bar shi, 'yar'uwa, ai mawaƙinsa ne. Kin taɓa ganin an yi wa zabiya aikin maƙogwaro tana tsakiyar tashe?"

Gwaggo ta fito tana dogara sanda, ta tsaya a gabansa.

"Kai, dube ni nan. Darajar ubanka ce ta sa na ba ka ɗakin nan. Mutanen nan sun ce ko kai ko su. Gobe in rana ta faɗi injin nan bai yi shiru ba, ka kwashe katifunka da aljanunka ka ba ni makullina."

"Gwaggo, ai ba aljanu ba ne, sauti ne."

"Ungo naka. Sautin gidanku."

A yi masa adalci, ya yi niyya. Ba shi da wani wurin da zai sami ɗaki mai kaurin bango irin wannan, kuma ya sani. Da safe ya ƙi zuwa shago, ya jera sifana da giris, ya fito da boris daga leda ya ajiye a gefe. Ya ce bari ya kunna sau ɗaya kawai, don ya tabbatar da inda ciwon yake. Da ma duk mai gyara haka yake yi.

Injin ya tashi da shessheƙarsa ta kullum. Sai kuma muryar ta canza. Wani siririn kuka ya ɓullo a saman rurin, yana rawa, yana hawa. Gurnani ya san ma'anarsa sarai: tsohon boris ya fara cin kansa, idan ba a kashe yanzu ba injin zai ƙone. Makunnin yana nan kusa da kafaɗarsa. Ya dube shi. Ya dubi ƙofar ɗakinsa, inda makirfo yake rataye a ƙusa. Ya ce a ransa minti ɗaya ai ba komai ba ne.

Ya durƙusa, makirfo a hannu, bakinsa a buɗe. Kukan ya yi sama har gilasan taga suka amsa. Warin ƙonewa ya cika matakala, hayaƙi ya fara tuƙaƙowa, injin ya shiga wata irin shaƙuwa, yana tsayawa yana fizgewa. A daidai nan Gwaggo ta iso, 'yan haya a bayanta kowa da bokitin da babu komai a ciki. Abin da ta faɗa masa ranar ba zai rubutu ba. Ta faro daga kansa, ta bi ta kan lasifikunsa, ta sauka a kan mutumin ƙasa mai nisa da kicin ɗinsa. Kafin la'asar katifun suna waje, Tela da kansa ya taya ɗauka, yana fito.

Yanzu a bayan shago yake kwana, tsakanin gawarwakin fankoki, bangon langa-langa ne, ko tari ya yi maƙwabta sun ji. Kaset ɗin ya fito da baƙin bangonsa, ya kuma ƙare. Ya aika wa Gwaggo guda, aka dawo masa da shi ba a ɓare ledar ba.

Kwanakin baya motar keken ɗinkin Tela, wato ɗan injin da ke juya keken, ta lalace, ya zagaya gari bai sami mai iya ta ba, dole ya zo. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya rungume kayansa kamar jariri.

"Sarkin mawaƙa! Ka taɓa mini ita da makirfo, sai dai a raba mu. Wai don Allah, ka sa an farke injin lafiyayye, ka dawo ka ƙone shi, ka rasa ɗaki, ka ɓata da Gwaggonka, duk a kan kukan ƙarfe. Ko kunya ba ka ji?"

Gurnani ya karɓi motar, ya juya ta a kusa da kunnensa, ya yi ajiyar zuciya.

"Ina ji mana. Kullum na saurari ƙarshen kaset ɗin nan sai raina ya ɓaci. Kora dai ai dole a kore ni, ban ce a'a ba. Amma da Gwaggo ta daure injin ya ƙarasa mutuwa tukuna. Ana gab da wurin da ya fi ko'ina daɗi ta shigo."