Tiyar Inna a Kasuwar Cadawa

Shekarar da soja suka sauka aka fara zancen jam'iyyu, kafin a karya darajar sefa, lokacin ɗiyata ta fari tana goyon na biyu, a shekarar nan ne aka zo duba tiya a kasuwar Cadawa. Jikata ke rubutawa, ni ke faɗa. Ban taka lakol ba, makarantar boko ke nan, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Geron gonarmu nake saidawa, da tiyar da innata ta bar mini, farar tasa mai shuɗin baki, duk ta ɓare. Kasuwa ce ta mutunci a lokacin, ka auna ka ƙara gyara, a rabu da dariya. Amma kowa ya san ma'aunan kamfanin da ke sayen wake tiya biyu gare su: ta saye mai zurfi, ta saidawa an doke gindinta da guduma. A zamanin soja wa zai yi magana? Da farar hula suka hau, baki ya buɗe. Manoma suka kai ƙara, aka turo wani ma'aikacin gwamnati, irin waɗanda muke ce wa mushe, daga Maraɗi da tiyar ƙarfe mai hatimi da jandarma guda. Kamfani ma ya tsorata, ya ce ba ya ƙara awo sai da mai hatimi.

Aka jera mu ƙarƙashin dogonyaro. Duk tiyar da ba ta yi daidai ba sai a jefa ta a buhu, mai shela ya kira sunan mai ita, kasuwa duka ta ji.

Da aka zo kaina, mushe ya cika tasa ya juye a tawa. Gero bai kai baki ba.

Ya ce, "Iya, taki ta yi zurfi. Irin ta cutar manoma ce."

Mai shela ya gyara murya. Shekara talatin ina zaune wurin nan, yau a kira ni ɓarauniya?

Na ce, "Dakata, ɗana. Tambayi kasuwa, wa ya taɓa ganin na sayi ko tsaba ɗaya?"

Mai waina, ƙawata, ta taso da ludayi a hannu. Ta ce, "Mushe, wagga ba ta saye, saidawa take! In akwai wanda aka cuta, ita ce. Mun daɗe da sanin tiyarta ta fi, shi ya sa ba mu faɗa mata ba!"

Kasuwa ta fashe da dariya, har jandarma.

Na ce, "Ke, marar kunya! Ai na sani. Haka Inna ta auna, haka zan auna."

Mushe ya sosa kai. Ya ce doka ba ta yarda da ƙari ba, kamar yadda ba ta yarda da ragi ba, tiyata ba za ta ƙara zama kasuwa ba. Amma ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya sa mai shela ya faɗi dalili, cewa ƙari nake yi, ba cuta ba. Ranan an kira sunana har bakin tasha, na koma gida kaina sama.

Na sayi mai hatimi, ban taɓa sonta ba. Ta Inna da ita nake fidda zakkar kono har yau.

Mai shela ya rasu, jandarman ban san labarinsa ba. Mushe an ce yana Gazawa, ya tsufa, ido ya tafi. Saura ni da mai waina, ita ma haƙori biyu suka rage mata, kuma har gobe in ta aiko sayen gero cewa take a auna mata da tsohuwar.