Rigar Baba Tyav da ke Kan Akwatin Zuhra

Duk wanda ya zauna a layinmu na Bukan Sidi ya san yadda ranar Mama Hembadoon take tafiya. Kafin masu acaɓa su cika titi da ƙara ta riga ta share ƙofar gidanta, ta ɗora kwandon doya a ka, ta nufi kasuwa. Da azahar ta dawo, ta watsa ruwa, ta jawo 'yar kujerarta zuwa gindin mangwaron da ke tsakanin gidanta da namu. Sai ta buɗe wani tsohon gwangwanin madara, ta fito da allura mai faffaɗan ido da ƙulle-ƙullen ulu kala-kala, ta shimfiɗa buhu a cinya. Buhun siga ne take farkewa ta wanke, ta riƙa bin idanunsa da allura ɗaya bayan ɗaya har sai fure ya fito, ko tsuntsu, ko bakin kogi. Tana yi tana rera waƙar coci da harshen Tibi, ƙasa-ƙasa. Ba sana'arta ba ce, doya ce sana'arta. Wannan abin sonta ne kawai.

Ni Sharhabilu ne, kafinta, ban yi nisa a boko ba. Amma tun ranar Asabar ɗin da ta wuce na kasa zama lafiya, domin abin da idona ya gani ya fi ƙarfin in bar shi a ciki. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bari in bi a hankali.

A bangon ɗakin Mama akwai wani babban ɗinki da kowa a unguwa ya sani. Gonar mijinta ce ta Adogi: kunyoyin doya, rafi, balbelu a bakinsa, sai wani dogon mutum da galma a kafaɗa, sanye da riga mai launin zoɓo. Wannan mutumin shi ne Baba Tyav. Ya rasu ɗansu Terseer yana goye, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Saboda haka Mama ta ɗinka shi da kanta, yadda take tuna shi, ta kwashe shekaru tana yi. Terseer bai san fuskar ubansa a ko'ina ba sai a jikin wannan buhun. Na sha ganin sa yana yaro yana gaishe shi kafin ya tafi makaranta.

Ulun rigar nan tare suka saya da Innarmu Rahmatu, a shekarar da aka ba mu jiha. Dami ɗaya suka raba biyu a gindin mangwaron nan. Aminai ne na ƙut-da-ƙut. In aka kira la'asar Inna ta miƙe, Mama ce ke riƙe mata buhun don kada kaji su hau. Ran Lahadi kuwa Inna ce ke duba mata tukunya har a taso daga coci. Inna ta fara rufin akwati da nata rabin, furanni jajaye a zagaye, ta ce na ɗakin ƙanwata Zuhra ne in Allah ya kawo miji. Ta kai rabi ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu a shekarar 2003, allurar tana soke a inda ta tsaya, ragowar ulun kuma ɓeraye suka yi gida da shi a lokacin da hankalin kowa ba ya kai.

Bara aka sa ranar Zuhra da Babandi, malamin firamare. Tana cikin haɗa kaya ta ciro rufin nan daga ƙasan akwati, ta zauna ta zuba masa ido.

"Yaya," ta ce, "in ba a ƙarasa wannan ba, ni dai ɗakina ba zai cika ba, ko da me za ku zuba a ciki."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na yanki ɗan guntun zaren na zaga kasuwar Lafiya rumfa-rumfa. Ja dai akwai, amma wani ya yi manja, wani ya yi tumatir. Na ba direbobin Makurɗi saƙon su nemo mini, na ba na Jos. Duk wanda aka kawo in aka kara shi da na Inna sai ya yi ta ihu kamar sabon fenti a tsohuwar ƙofa. Ga biki yana matsowa. Sai muka kai wa Mama rufin, ba don muna zaton tana da dabara ba, don dai ita ce ta san aikin.

Ba ta dubi gaban ba. Bayansa ta fara juyowa, kamar yadda take yi wa kowane ɗinki. Ta shafa shi da tafin hannu, ta daɗe.

"Sharu," haka take kirana, "ka kwashe wannan ulu naka na Jos ka kai wa masu hular jarirai. Maman ka ba zai yarda da shi ba."

"To Mama, ina za mu samo irinsa?"

"Kai ne mai ɗinki ko ni ne? Je ka yi ta buga ƙusan ka."

Abu na farko da ya ɗaure mini kai, bayan kwana biyu na fito na tarar da ita tana riƙe da allura da hannun hagu. Matar da tun ina rarrafe da dama na san ta. Tana yi kamar mai koyo, allurar tana suɓucewa, yatsunta duk sun yi huji, ta naɗe babban da tsumma.

"Mama, hannun ne ya samu matsala?"

"Hannu na lafiya lau. Rahmatu bahago ne, ka manta? Duba nan. Zaren shi duk nan gefe ya kwanta. In na yi da dama, kowa zai ga inda ya mutu. Ba na so Zuhra ya tashi kullum da safe ya ga inda maman shi ya mutu."

Ni ɗan Inna ne, na ci tuwon hannun hagun nan har na girma, amma bai taɓa zo mini a rai cewa ana iya ganinsa a jikin zare ba.

Akwai wani fure a kusurwa da ya karkace. Zuhra ta ce ko za a gyara shi tunda ana ciki. Mama ta ɗago ta harare ta ta saman tabarau.

"Ke, taɓa shi ki gani! Ranar nan akuyar maƙwabcin mu Iorliam ya shiga ya na cin alabon mu, muka tashi da gudu, maman ki ya faɗi a kan turmi, ya dawo ya na dariya har ya ɓata lissafi. Na ce ya warware, ya ce a bar wa akuya nashi fure. Ke ce za ki zo ki gyara?"

Muka yi dariya, Zuhra tana share hawaye da bakin gyale.

A kwanakin nan na ga abubuwa biyu ban haɗa su ba. Na ga ta rataye jan ulu a kan tukunyar ruwan zafi, tururi yana dukan sa, zaren duk ya nannaɗe kamar gashin da aka tsefe. Na tambaya, ta ce miƙar da shi take yi. Na kuma ga ta rufe babban ɗinkin bangonta da zani, ta ce kwanon ɗakin ne yake ɗiga. Har na ce zan zo in duba mata. Ta ce in bari sai rani.

Ta gama ana jibi biki. Ba ƙulli ko ɗaya a bayansa, duk bakin zaren ta cusa shi ƙarƙashin 'yan'uwansa. Ta wanke da ruwan sanyi da ɗan gishiri don kada launi ya zuba, ta sa na kafa shi a kan allo da ƙananan ƙusoshi ya bushe a miƙe. Ta sa Zuhra ta kawo wani tsohon zanin Inna, ta yi masa shafi da shi, ta kalmashe baki. Ranar jere 'yan'uwan Inna daga ƙauye suka yi ta juya shi suna neman inda aka ɗora. Ba wadda ta gano. Wata gwaggonmu har rantsuwa ta yi cewa Rahmatu ta gama abinta kafin ta rasu, mu ne ba mu lura ba.

To, ga ranar Asabar.

Idon Mama ya yi rauni, ba ta iya zura allura sai an zura mata. Terseer, wanda yanzu yake aikin gona a Doma, ya zo da mota zai tafi da ita ta huta a wajensa. Unguwa ta taru ana taya ta ɗaure kaya. Ni aka ce in hau in sauko da babban ɗinkin, tunda ni na yi masa firam. Na sauko da shi na jingina a gindin mangwaro, zanin ya zame.

Wallahi na ɗauka idona ne.

Baba Tyav yana nan da galmarsa, kansa da ƙafafunsa. Amma daga wuya zuwa ƙugu ba komai, sai buhu tsirara, idanunsa a buɗe, ana hango itacen mangwaro ta ciki. Rigar ta tafi gaba ɗaya.

Zuhra ce ta fara ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Mama, jan nan... shi ne a kan akwatina?"

Kafin Mama ta amsa, Sewuese matar Iorliam ta matso tana nuna bakin rafi. "Ina balbelun? Ai da suna da yawa!" Sai ta tuna, ta rufe baki da hannu. Da 'yarta ta rasu ta bar rigar matashi ba ta gama ba, Mama ce ta ƙarasa, kuma farin ulu ne. Mimidoo mai awara ta duƙa ta ce rafin ma ya ƙanƙance, kuma ta san inda shuɗin yake, yana kan teburin kakarta. Haka aka yi ta yi, wannan ta nuna nan, waccan ta nuna can. Ashe shekara da shekaru, duk wanda ya kawo aikin mamacinsa aka rasa launin da ya dace, bangonta take zuwa. Tana ɗiba kaɗan-kaɗan daga gefe inda ido ba ya kaiwa. A kanmu ne gefe ya ƙare, ta shiga jikin mijinta.

Terseer bai yi ihu ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya durƙusa gaban firam ɗin.

"Mama, wannan kaɗai nake da shi. Ba ki ko tambaye ni ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Zuhra ta ce yanzu-yanzu za ta je ta ɗauko rufin a warware a mayar. Har ta juya.

"Ki dawo nan!" Mama ta daka mata tsawa. Sannan ta dafa kafaɗar ɗanta. "Gaskiyan ka ne, ban tambaye ka ba. Na ji tsoro za ka ce a'a, ni kuma ba zan iya ƙi maganan ka ba. Ka yafe mini. Amma Terseer, kai ka na da kan shi, ka na da hannun shi, ka na da ni. Wannan yarinya rabin buhu kawai aka bar mashi." Sai ta kyaɓe baki. "Kuma in faɗa maka gaskiya, baban ka bai taɓa noma da riga ba. Ni ne na sa mashi don kunyan baƙi."

Dariya ta suɓuce wa Terseer yana tsakiyar kuka. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe sai ya ce a kai shi ya ga akwatin. Na ɗauke shi a babur zuwa gidan Babandi. Ya sa hannu a kan furannin, ya shafa, ya tambaye ni wanne ne na babansa, wanne ne na Innata. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma ba ya iya ganewa. Muka dawo gindin mangwaron.

Mama Hembadoon, ke ce uwar marayun ɗinki. Ke ce kika koyi hannun hagu da furfura a kanki don kada wata yarinya ta ga inda uwarta ta tsaya. Kin bar mu muna yabon kyan aikin, ba ki taɓa cewa ga abin da ya ci miki ba. Mun gode. Na gode a madadin Zuhra, da Sewuese, da Mimidoo, da duk gidan da yake ɗauke da guntun gonar Adogi bai sani ba. Kai kuma Terseer, abin da muka ɗauka naka ne, ba mu da bakin biya, Allah ya saka maka. Allah ya ba Mama lafiyar ido da tsawon rai.

Ta bar wa Zuhra da Mimidoo gwangwanin madarar, kuma sun ce kowace la'asar za a same su a gindin mangwaron. Don haka jama'ar Bukan Sidi, wanda yake da aikin da wani nasa ya fara bai gama ba, ya daina ɓoye shi a ƙasan akwati, ya kawo. 'Yan mata da samari masu lafiyar ido, ku zo ku koya, ku kuma koyi barin furen da ya karkace a yadda mai shi ya bar shi.

Da aka zo sa firam ɗin a bayan mota, Mama ta leƙo ta taga ta ce wa ɗanta, "A hankali, baban ka ba shi da riga, ga iska a hanya." Zuhra ta cire gyalenta ta lulluɓe shi, ta soke gefe da gefe yadda ba zai tashi ba. Haka Baba Tyav ya tafi Doma.