Tsohuwar da ta karɓi sammacin ɗanta

Shekarun baya can, kafin furfura ta fara leƙo ni, na yi aikin masinja a wata kotu a nan Lafia. Aikina kai sammaci. Wanda bai san aikin ba gani yake ba komai ba ne, ka hau babur ka miƙa takarda ka dawo. To dokar aikin ɗaya ce, kuma tun ranar farko aka karanta mini ita: takarda sai hannun mai ita. Ya karɓa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan ka dawo ka cika takardar rantsuwa cewa da hannunka ka ba shi. Da wannan rantsuwar alƙali yake aiki, don ba zai bi ka ƙauye ya gani ba. Idan mutum ya ƙi samuwa, ka dawo ka faɗa, kotu ta ba da izinin a liƙa masa a ƙofa.

Ni kuwa a lokacin ji nake duk kotun babu wanda ya kai ni iya aiki. Ban taɓa dawowa da takarda ba, har rajistara yana buga misali da ni. Kaina ya yi girma ba kaɗan ba.

Wata rana cikin damina aka ba ni sammacin wani manomi ɗan Tibi, a wani ƙauye can bayan Ashige. Wani mutum ne ya kai ƙararsa a kan gonar doya, yana cewa ta mahaifinsa ce. Na sha laka a hanya har na gode Allah kafin na isa gidan. Ban tarar da kowa ba sai wata tsohuwa a gindin mangwaro tana ɓarar agushi.

"Sannu Mama. Mai gidan yana nan?"

"Yarona ba ya nan. Yana gona, bayan rafi. Kai wane?"

"Daga kotu nake, Mama. Takarda na kawo masa."

Hannunta ya tsaya cak a cikin tire. Ta dubi takardar, ta dube ni, sannan ta goge hannu da zaninta.

"Rafi ya cika. Mashin ba zai wuce ba. Kawo, ba ni."

Gaskiyar magana, ƙafa za ta iya haye rafin nan. Tafiyar sa'a ɗaya ce. Amma na dubi hadarin da ke haɗowa, na dubi sabon takalmina da ko wata bai yi ba, na ce a raina ai uwa ba za ta ɓoye wa ɗanta takarda ba. Na fito da tawada na nuna mata gurbin ɗanta na ce ta dangwala. Ta danna yatsa da ƙarfi har sai da takardar ta lotsa.

"Shi ke nan? Na taɓa?"

"Kin taɓa, Mama."

"To, ya yi."

Har gasasshiyar doya da manja ta kawo mini. Na ci na sha ruwa, na bar mata takardar, na dawo Lafia da kwafin da ta dangwala, na cika takardar rantsuwa cewa na ba wanda ake ƙara hannu da hannu. Ko gabana bai faɗi ba.

Ranar zama ta zo, manomi bai zo ba. Alƙali ya ɗage, ya ce a sake kai masa sanarwa. Na sake komawa, na sake tarar da Mama, ta sake dangwalawa. Na uku ma haka. A zuwa na uku ko tambayar ɗan ban yi ba, ina kashe babur na fara laluben tawada. Abin kunya, har na fara son zuwa gidan saboda doyar nan. Da alƙali ya ga sau uku ana kiran mutum ba ya zuwa, ga rantsuwar masinja har uku a fayil, sai ya saurari mai ƙara da shaidunsa, ya ba shi gona. Ina zaune a bayan kotu ina cewa a raina, wannan manomi akwai taurin kai.

Ruwa ya ɗauke, doya ta kusa isa haƙa, aka ce a je a damƙa wa mai ƙara gonarsa. Muka tafi da wani babban ma'aikacin kotu, da 'yan sanda biyu, da mai ƙarar. Ranar ce na fara ganin manomin da na rantse sau uku cewa na gani. Dogo ne, siriri, yana wasa fartanya a tsakar gida. Da aka karanta masa hukunci sai ya miƙe yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"Oga, wane kes? Wane kotu? Ba wanda ya kira ni fa!"

Babban namu ya buɗe fayil ya ce, "Ga yatsanka nan har wuri uku."

"Yatsa? Oga, ni na yi firamare. Sa hannu nake yi. Ban taɓa dangwala komai ba."

Kafin na buɗe baki sai ga Mama ta fito daga ɗakinta. Ta ci ado da zanin da take zuwa coci da shi, ta ɗaura ɗankwali, ga ƙunshin kaya a kanta. A hannunta wata baƙar leda. Ta wuce 'yan sandan, ta wuce ɗanta, ta zo gabana ta miƙo mini ledar. Na buɗe. Takardun nan uku ne, a ninke yadda na ba ta, har sun fara cin hayaƙi.

"Yarona, na shirya. Mu tafi."

"Mu tafi ina, Mama?"

"Kotu. Ni na taɓa takarda. Shi bai taɓa ba, ko gani bai gani ba. A saman rumbu na ɓoye. Babansa ya taɓa karɓa irin wannan da hannu, ya tafi Lafia, wata shida bai dawo ba. Wanda ya taɓa, shi kotu zai kama. Ni na tsufa. Ku kama ni, ku bar shi ya yi gona."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ashe duk zuwan da nake yi, baiwar Allahn nan ba saƙo take karɓa ba. A ganinta, da a ganin tsofaffin ƙauyen, takardar kotu ba ta kama mutum sai hannunsa ya taɓa ta. Shi ya sa take riga ɗanta, take danna yatsa da ƙarfi don kotu ta tabbata ita ce. Daga baya matar ɗan ta gaya mini tun zuwana na farko ta ɗaure ƙunshin nan, yana ajiye a bakin gadonta, duk ta ji ƙarar babur sai ta ɗauka ranar ce ta zo. Wata huɗu tana jiran a tafi da ita gidan yari, kuma duk na zo sai ta gasa mini doya.

Ɗan ya yi mata magana da harshensu. Ban ji me ya ce ba, amma na ga ta sauke ƙunshin a hankali ta zauna a ƙasa, da adonta da komai.

Na ja babban namu gefe na ce, "Oga, don Allah a dakata. Akwai matsala." Ya ce, "Oda oda ce. Matsala kuma a kotu ake faɗarta." Haka aka haye rafin da na ƙi hayewa, wanda yanzu ko idon sawu bai kai ba, aka nuna wa mai ƙara iyakar gona. Doya ce shar, kunya bayan kunya, aikin shekara guda.

Kwana biyu ina juya abin. Idan na yi shiru, babu mai tono ni, don fayil ya nuna an ba manomin takardarsa, kuma wa zai saurari tsohuwa? Idan na yi magana, rantsuwar ƙarya ce har uku, aikina na iya tafiya. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na so in yi shiru ƙwarai. Ledar nan ce ta hana ni, don a jakata ta kwana, kuma na rasa inda zan jefar da ita.

Ran Litinin na ajiye ta a teburin rajistara na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai? Kai da nake buga misali da kai? Ka san me ka yi kuwa?"

"Na sani, Oga."

"Ba ka sani ba. Da hannunka ka ɗauki gonar mutum ka ba wani."

A gaban alƙali na maimaita, kaina a ƙasa. Aka dakatar da ni wata uku, aka sa mini jan gargaɗi a fayil, kuma kowa ya ce na yi arziki da abin ya tsaya nan. Manomin ya samu lauya, aka nemi a soke hukuncin tunda ba a taɓa ba shi sammaci ba, aka soke. Aka sake shari'a daga farko, ya zo da dattawan da suka san iyakar gonar tun zamanin kakansa, ya yi nasara. Sai dai kotu ba ta sauri. Kafin a kai nan, mai ƙara ya haƙe doyar tas, har da wadda ake bari don iri. Fili aka mayar masa. Damina biyu yana ƙwadago a gonakin mutane kafin ya tara irin da zai sake shukawa.

Na yi shekaru a aikin bayan haka, kuma ban ƙara ba kowa takardar wani ba. Na haye rafuka, na bi mutane har cikin kasuwar Doma, na sha dawowa da takarda a jaka ba tare da jin kunya ba. Abin da na fahimta shi ne, mu da muke yawo da takardun nan mun raina su saboda sabo, alhali a gidan da muka kai su, wani ko numfashi ba ya iya yi da kyau sai mun tafi. Da na ɗauki minti biyu na gaya mata mene ne sammaci, da duk wannan bai faru ba.

Bayan an gama shari'ar na sayi sabulu da gishiri na koma ƙauyen don in nemi gafara. Manomin ya amsa gaisuwata a daƙile, kuma ban ga laifinsa ba. Mama tana gindin mangwaron, ta rame sosai. Na durƙusa, na fara jero kalaman da na shirya tun daga Lafia. Ban kai ko'ina ba ta kama hannuna da hannayenta biyu.

"Yarona, sun ce an kore ka aiki wata uku saboda ni. Ka yi haƙuri. Ni ban je makaranta ba. Ka yafe mini."

Na ce mata laifina ne, na faɗa da Hausa, na sa jikarta ta faɗa mata da harshensu. Ta girgiza kai kawai tana shafa hannuna. Har ta bar duniya, ita a wurinta ita ce ta cinye doyar ɗanta, kuma ita ce ta jawo wa yaron kotu wahala.