Jakar da Ta Dawo Ba Mai Ita

Estrild tana da shekara arba'in da shida, dukanci take yi a garin Dartmouth na bakin teku, kuma har yau ba wanda zai iya cewa matar aure ce ko bazawara.

A layin dukawa aka haife ta, wanda ke gangarawa bakin ruwa. Ubanta takalma yake ɗinkawa, ita kuwa tun tana ƙarama hannunta ya faɗa kan sikirif, 'yar jakar fatar nan da masu ziyarar ibada ke ratayawa. Ba a ɗinka ta da girma, ba a kuma sa mata maɗauri a baki, domin mai ziyara ba ya ƙulle abin hannunsa: a ba shi, shi ma ya bayar. In sanyi ya wuce jiragen ruwa suka fara kwasar mutane zuwa kabarin Waliyyi Yakubu a Galisiya, yawancin jakunkunan da Fada Ranulf, limamin cocinsu, ke sa wa albarka a kan bagade daga hannunta suka fito.

Sana'ar ce ta koya mata rashin yarda da mutane. Ta sha sayar wa mutum jaka, ba da jimawa ba ta gan shi a ƙofar coci da ƙumbar teku a hula, alamar wanda ya yi ziyara, yana ba da labarin Galisiya, alhali ko gangaren tashar jirage bai sauka ba.

Mijinta Hamon majemi ne, mutum mai ƙarancin magana. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi, ya yi alkawari in ya tashi zai je ziyara, ya kuwa tashi. Ta ɗinka masa jaka da fatar maraƙin da ya jeme da hannunsa. Abokan tafiyarsa suka dawo ba shi, suka ce ƙafa ce ta kumbura masa a Koruna, tashar jiragen Galisiya, zai biyo jirgin baya. Jirgin baya ya zo, na bayansa ma ya zo, ba Hamon.

A kakar bara wani baƙo mai suna Gilbert, wanda harshensa na mutanen arewa ne, ya shigo shagonta ya ajiye jakar Hamon a kan tebur. Ɗinkinta ne, ba ta ko juya ta ba. Ya ce Hamon ya rasu a masaukin masu ziyara, an kuma yi masa sutura yadda ta kamata. Estrild ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta kawo masa burodi da cuku da giya, ta bari ya fara ci, sannan ta tambaye shi yadda aka binne mijin nata. Gilbert ya zayyana mata komai: doguwar riga, hula, sanda a gefensa.

"Sanda a gefensa," in ji ta, "jakar kuma a kafaɗarka?"

Kowa ya san mai ziyara in ya mutu a hanya da sanda da jaka ake binne shi, tunda tare aka sa musu albarka, da su kuma zai tashi. Gilbert ya ce mamacin ne ya roƙi a kawo mata ita. Estrild ta san Hamon: mutumin da ko zuwa kasuwa ba ya yi sai ya shafa ɗamararsa ya ji komai na nan, ba shi ne zai yarda ya tashi gaban Ubangiji ba jaka ba.

Fada Ranulf ya ce mata, 'yata, ki yi haƙuri, a buga ƙararrawa ranar Lahadi a yi masa addu'ar mamaci. Ta ce ba za a buga wa mutum ƙararrawa ba a kan maganar baƙo. Abin da ya ƙara mata zargi shi ne maƙwabcinta Osbert mai haɗa gangunan giya, wanda matarsa ta rasu, ya iso ta'aziyya da dinya, ƙatuwar agwagwar ruwa, a hammata tun labari bai gama zaga layin ba. An kuma gan shi da Gilbert a mashaya, kai a haɗe.

"Maƙwabciya, sanyi na tafe," in ji Osbert. "Gado ɗaya ya fi biyu ɗumi."

"Je ka rungumi gangunanka, su ma tumbi gare su irin naka."

Sai ta yi abin da ya sa gari ya samu na tattaunawa: ta ba Gilbert masauki a rumfar jima, ya riƙa kankare fata a bakin abincinsa. Mata suka yi ta gulma a bakin rijiya. Ita dai so take ya zauna inda idonta ke kai. Duk tsawon hunturu tambaya ɗaya take masa, yadda Hamon ya rasu, kullum sai ya kai cokali baki. Masaukin masu ziyarar da ya fara cewa a bakin teku yake, sannu a hankali ya hau kan tudu. Waɗanda suka yi jinyar Hamon, da maza ne, sai suka zama mata. Ranar da ta ce ya zo ya dafa bagade ya rantse, ciwon ciki ya kama shi.

Cikin azumin coci, da sanyi ya fara wucewa, Gilbert ya same ta a shago ya ce zai faɗi gaskiya. Hamon na nan da ransa, ruwa yake ɗiba wa marasa lafiya a masaukin, ba ya kuma son dawowa. Shi ya ba shi jakar, ya ce a ce mata ya mutu don ta samu ta yi aure.

"To, yau ka tashe shi," in ji Estrild. "In na ƙara maka romo gobe sai ya zama bishof."

Labarin ya taɓa ta fiye da yadda ta nuna, domin ya yi kama da Hamon. Amma maƙaryaci ma ya zauna wata da watanni a rumfar Hamon yana jin halinsa a bakin maƙwabta. Ko dai an binne shi an sace jakar, ko yana raye ya guje ta, ko kuma yana kwance a wani kwazazzabo, Gilbert ya san wanne. Osbert ya rantse giya kawai ya saya wa baƙon, mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa.

Ta ba Gilbert zaɓi. Ko ya kai ta ta ga kabari ko ta ga mutum, ko ta kai shi gaban alƙalin gari a kan satar kayan mai ziyara, laifin da igiyar rataya ce ƙarshensa. Ya zaɓi teku.

Ranar Litinin da ta wuce ta rufe shago, Fada Ranulf ya sa mata albarka ba da son ransa ba. A bakin katakon hawa jirgi Gilbert ya ja gefe.

"Fara hawa, uwar gida."

"Wuce gaba, bawan Allah. Bayanka nake so in riƙa gani."

Ta jira har ƙafafunsa biyu suka shiga jirgin, sannan ta bi shi.