Saiwa Biyu a Tagar Ɗakin Wanki

Kafin ya taɓa dutsen guga, Baba Mai Wanki yakan guntsi ruwa ya fesa a kusurwar taga, kamar yadda ake fesa wa riga. Wanda bai sani ba sai ya ce tsufa ne. Amma a kusurwar nan ta ɗakin wankin asibiti akwai wata 'yar shuka mai ganye biyar, saiwoyinta farare a fili, sun rungume katako. Da ruwa ya taɓa su sai su koma kore.

A jikin itacen hura wuta ta zo, shekarun baya. Ya ciro ta daga bakin murhu, ya ɗaure ta a taga da zaren tsohon bargo. Wani likita ya ce sunanta okid, irin da ke zama a kan bishiya, ba ruwanta da ƙasa. Shi dai Baƙuwa yake ce mata. Tururin tukunyar wanki ya ishe ta.

Sau ɗaya a shekara takan sako furanni farare, kowanne da doguwar jela siririya. Da yamma ƙamshinsu yakan danne na sabulu. Sai ka ga Baba tsaye da zanin gado a hannu, ido a lumshe, kamar mai sauraron ruwan sama a wani dajin da bai taɓa zuwa ba.

"Baba, shukar da ba ta taka ƙasa, anya ba aljana ka ajiye mana ba?" in ji mai shara.

"Ke dai share ƙasarki, 'yar nan. Ita ta fi ƙarfin tsintsiya."

Sai aka ce nan da wata guda za a rushe ɗakin, za a kawo injuna. In aka fizge shukar, saiwoyin za su tsinke, ta mutu. Baba ya samo ɓawon itace mai kaushi. Kullum yakan jiƙa saiwa ɗaya har ta yi laushi, ya zura bayan cokali a hankali, ya ɗaga ta, ya kwantar a kan ɓawon. Saiwoyin goma sha ɗaya ne. Wata saiwar sai ta ci kwana uku.

"Malam, tarin nan fa?" matarsa ta tambaye shi. "Kullum kana asibiti, amma ka ƙi ganin likita."

"Saura huɗu," ya ce.

Ranar da ya rage biyu, ba a hura wuta a ɗakin wanki ba. Washegari ma haka.

Kafintan da ya zo cire taga ya daɗe yana kallon kusurwar. Ya ajiye guduma, ya ɗauki zarto, ya yanko guntun katakon duka da ɓawon da ke rataye a jikinsa, ya kai wa matar marigayin har gida.

"Inna, ga ajiyar Baba."

Ta rataye ta a inuwa, kusa da inda take dafa ruwa. Saiwa tara sun kama sabon ɓawon. Biyu suna nan riƙe da tsohon katako, da ɗan shuɗin fentin tagar a ƙarƙashinsu, ba wanda ya ɗaga su.