Ɗigo na Uku Daga Hagu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ana shirin sallar la'asar, mai ɗakinka ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, yayanki ya riga mu." Ina zaune a ofis, kujerarka na gefena da rigar sanyinka rataye a bayanta. Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe.

A wurin aiki Sarkin Ɗigo muke ce maka, ni kuwa Yaya nake kiran ka. Aikina tattara alƙaluma, naka rubuta wa kwamfuta umarnin da zai mai da su zane a shafin intanet. Shekara huɗu muna yi wa ƙungiyar masu ciwon ƙoda shafi guda, inda kowane mai jiran dashen ƙoda yake da ɗigo ɗaya shuɗi, ba suna, ba hoto. Duk Litinin sabon jerin masu jiran yakan zo, mu ɗora shi. Na wannan makon ya kwana uku a kwamfutata na kasa taɓa shi, domin na san abin da ke ciki.

Ba ka taɓa ɓoye mana cewa kana cikin masu jiran ba. Sau biyu a mako kakan dawo daga wankin ƙoda fuska a kumbure, ka zauna ka hau gardama da ni a kan launi. Wata rana ka nuna allon da bakin biro ka ce, "Ga ni nan, layi na biyar, na uku daga hagu. Kin ga a nan ma na fi kowa kyau." Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba.

Kana da taurin kai, Yaya, Allah Ya yafe maka. Ba ka sakin zane sai ka gwada shi a tsohuwar wayar mai gadinmu mai tsagaggen gilashi. Idan ya ɗaure fuska ya ce bai gane ba, sai ka rushe aikin mako guda ka sake, muna ta ƙorafi kana ta shan ruwanka da murfin kwalba, don likita ya ƙayyade maka.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da na shigo da murna na ce jerin ya ragu da mutum tara. Har na fara rubuta albishir. Ka dube ni ka ce, "Ƙanwata, kin duba ta wace ƙofa suka fita?" Na duba. Biyu ne aka yi wa dashe, bakwai rasuwa suka yi. Kunya ta rufe ni. Ka ce laifin zanen ne, tunda yana nuna mutuwa kamar ci gaba. Kafin a tashi ka sake rubuta shi: wanda ya samu ƙoda ya koma kore, wanda ya rasu ya zauna a gurbinsa, cikinsa ya dushe, a bar zoben kawai.

Jiya mai ɗakinka ta zo kwashe kayanka. Ita ce ta fara miƙa tata ƙodar, gwaji ya ce ba ta dace ba, kuma har yau tana ganin kamar ta gaza. Ta ga allon a buɗe ta ce, "Nuna mini shi." Na nuna mata ɗigonka. Na gaya mata abin da zai faru idan na ɗora jerin, na ce zan iya jira. Ta ce, "Da yana nan zai bari a yi wa mutane ƙarya har kwana uku?"

Na danna. Daƙiƙa biyar ɗigon ya ɗauka yana dushewa, yatsanta na kansa. Daga baya na buɗe umarnin na ga inda ka sa biyar ɗin, da 'yar wasiƙa a gefe ga duk wanda zai gaje ka: kada a rage, a bar mutane su gani.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka mata biyu, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya da ka bari suna jira, Allah Ya kawo musu sauƙi kafin Litinin mai zuwa. Amin.